Ranar da Gawayin Ya Ƙoshi

Zuwaira ta ɗiga jan maganin gwaji a cikin ruwan da ta taro daga duro, ta ɗaga 'yar kwalbar saitin taga. In ruwan lafiyayye ne, jan zai tsaya. Bai tsaya ba. A kan idonta ya koɗe, ya koma kamar ruwan wankin nama. Ta zubar, ta sake tarowa. Haka dai.

Tun tana jami'a ta san abin da wannan ke nufi. Ruwan bohol ɗin lungunsu, nan gindin Goron Dutse, fuloraid ya yi masa yawa. Sinadari ne marar launi, marar wari, wanda ke bin yaro a hankali ya dafar masa da haƙora, in shekaru sun ja ya sandarar masa da ƙashi. Gawayin ƙashin shanun da ta cika duron da shi yana kama sinadarin ya riƙe, amma yana ƙoshi. In ya ƙoshi sai ya bar komai ya wuce, ruwan kuwa garau kamar na jiya.

Ta ɗauka zai kai su har bayan babbar salla. Ga shi ko azumi ba a kama ba.

"Umma, kin ga sabon ya leƙo!" in ji 'yarta Nana Hauwa, ta wangale baki. A giɓin gaba sabon haƙori ya fito, gefensa da wani farin tabo kamar an goga alli. Zuwaira ta daɗe tana riƙe da haɓar yarinyar. Wannan ya riga ya tafi. Sauran da ke kwance cikin dasashi, da ƙashin bayan yarinyar, su take yi wa yaƙi.

Sai ta ji ƙarar bokitai a tsakar gida.

Kullum da sassafe take fita makarantar da take koyarwa, sai la'asar ta dawo. Yau aka ba su hutu. Tana ɗaga labule ta ga layin mata tun daga bakin duron har zaure, kowa da jarka ko bokiti. Kakarta 'Yardada na zaune a tabarma kusa da famfon duron, bayanta a tanƙware kamar lauje, wuyanta ba ya juyawa sai ta juyo da jikin gaba ɗaya.

"Iya, mene ne wannan?"

"Mutane ne, 'yar boko. Ko ba a koya muku su a makaranta ba?"

Aka yi dariya. Zuwaira ba ta yi ba. Matan nan ne suka riƙa toshe hanci lokacin da take jigilar ƙasusuwa daga kwata, tana dafawa, tana shanyawa a saman soro, tana ƙonawa a rufaffen duro har idanunta suka kumbura. Su ne suka ce tsibbu take yi, suka hana 'ya'yansu wasa da Nana. Ita kaɗai ta daka gawayin a turmi, ta tankaɗe, tafukanta suka yi kanta. Sai da limamin unguwa ya ce ƙashin yankakkiyar saniya mai tsarki ne, sannan aka daina kauda kai in ta wuce.

"Tun yaushe ake ɗiba?"

"Tun ranar da aka fara roƙo," in ji tsohuwar. "A gidan nan ba a taɓa hana maƙwabci ruwa ba, ba kuma za a fara ina da rai ba."

"Na gida ɗaya na yi shi, Iya. Na faɗa miki yana ƙoshi."

"Gawayi ne ke ƙoshi? Ciki gare shi? Ke da kike kuka a kan haƙori, mu a zamaninmu da gangan muke rina su da fure, samari na rububinmu."

"Bayanki fa? Shi ma furen ne?"

'Yardada ta juyo da jikinta a hankali, ta kafe ta da ido. Zuwaira ba ta sunkuyar da kai ba. Ta fuskanci matan.

"Ku ji ni da kyau. Duron nan ya mutu. Ruwansa da na bohol yanzu duk ɗaya ne. Kafin in haɗa wani gawayin sai an yi watanni."

"Ga ruwa fari tas, ta ce ya mutu," wata ta faɗa daga baya.

"Ki dai ce kin gaji da mu, Malama."

Aminat, matar Sabo tela, ita ce a gaba, da jariri a goye da kofin silba a hannu. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi habaici ba. "Malama, nonona ya ƙafe. Da wannan nake dama masa madara, saboda ke kika ce na bohol yana da illa. Yanzu da wanne zan dama?"

Zuwaira ta dubi ƙofar ɗakinta. A ƙarƙashin gadonta akwai ragowar sabon gawayi a ɗan buhu. Zai ishi yaro ɗaya har ta haɗa wani. In lungu ya shigo, ba zai ga Juma'a ba.

Ta je ta murɗe famfon har ƙarshe don duron ya tsiyaye a ƙasa, kada wani ya ƙara sha da sunan kariya. Ruwan bai kai ga rariya ba. Matan suka yi caa da bokitai, ana ture juna, ana "kar a yi asara, kar a yi asara."

Ta ja hannun Nana zuwa ɗaki, ta sa sakata. Ta jawo buhun, ta wanke gawayin, ta zuba a ƙaramin bokiti mai huda a gindi, ta ɗora shi a kan tulu. Ruwa ya fara ɗiga. A ɗakin da ya yi shiru, ƙarar ɗigon ta yi mata yawa, har ta yafa zani a kai. Da ya ɗan taru ta gwada. Jan ya tsaya.

Aka ƙwanƙwasa, a hankali.

"Malama," muryar Aminat ce, ƙasa-ƙasa. "Na ji ɗigo. Kofi ɗaya kawai. Wallahi ba wanda zai ji."

Jaririn ya soma kuka. Zuwaira ta dubi ƙasan ƙofar. Ga ƙafafun Aminat. A bayansu wasu silifa sun zo sun tsaya, sannan wasu.

Ta cika moɗa ta miƙa wa Nana.

"Shanye."

"Umma, ba na jin ƙishi."

"Na ce shanye. Duka."

Ta tsaya a kanta har yarinyar ta kafa kai ta ga gindin moɗar. Ta sake cikawa, ta sake ba ta. Sannan ta goge hannunta a zani, ta zare sakatar.