Awon Sirdi

Tela ce, shekararta arba'in da uku, kuma tun da ta koyi tuƙa keke a bara ta hana kowa sakat a gida da zancensa. Da ƙungiyar mata masu keke ta sa ranar tafiyar kilomita ɗari, ita ce ta fara ba da suna.

Keken mijinta ta ɗauka, dogo, mai sirdi siriri kamar bakin almakashi. Ranar gwajin farko ta yi kilomita talatin, ta sauka a ƙofar gida tana tafiya a tattale kamar agwagwa. Kwana biyu a tsaye take yankan yadi, kujerar ɗinki kuwa ko kallonta ba ta yi.

Ƙanwarta ta ce, "Yaya, wai ina ne ke ciwon?"

"Inda ba a faɗa."

Ƙanwar ta yi dariya har da riƙe bango.

Tela ta ɗinka wa sirdin riga ta cusa soso a ciki. Abin ya ƙara lalacewa, soson ya goge mata cinya har ta saɓule. Sai ƙanwar ta ja ta shagon wata mai gyaran keke da ake kira Sifana.

Sifana ta dubi keken, ta dubi tafiyar Tela, ba ta tambayi komai ba. Ta yago kwali ta shimfiɗa a kan benci.

"Zauna nan, Anti. Ɗan sunkuyo gaba. Ɗaga ƙafafu."

Tela ta zauna tana zare ido. Da ta tashi sai ga rami biyu a jikin kwalin. Sifana ta zare tef ɗin awo daga wuyan Tela ta auna tsakaninsu.

"Yau dai an auna mai auna mutane!" in ji ƙanwar, ta sulale ƙasa don dariya.

Sifana ta ce, "Nan ƙasusuwan zamanki suke sauka. Sirdin maigida bai kai faɗinsu ba, shi ya sa nauyinki yake danne wuri mai laushi. Ga shi ya yi miki tsawo, sai kin yi ta karkata kafin ki kai feda."

Ta ɗaura sirdi mai faɗi da tsaga a tsakiya, ta sassauko da shi, ta daidaita bakinsa, ta matso da kan keken kusa. Tela ta hau a ɗarare. Ta kai ƙarshen layi, ta juyo tana buga ƙararrawa.

"Ba na jin komai! Wallahi ba na jin komai!"

Mutanen layin suka bi ta da kallo, ita ko a jikinta.

Ranar tafiya, a kilomita saba'in, sauran matan sai miƙewa suke kan feda suna cije leɓe, Tela kuwa waƙa take rerawa, iska na kaɗa mayafinta. Da ta iso ƙarshe, mijinta na ɗaga mata hannu, ta wuce shi fuu, sai da ta zaga filin taron sau biyu sannan ta taka birki.

Tana sauka ta zube a kan ciyawa. Mijin ya rugo a tsorace, ya same ta kwance tana ƙyalƙyala dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Lafiya? Me ya faru?"

Ta kama hannunsa, da ƙyar ta iya magana.

"Je ka tambayo min, yaushe ne ta ɗari biyu?"