Malam Riƙe-Ɗaya

Yara ba dama ne wajen laƙaba wa mutum suna. Shekara talatin da uku malamin lissafi ya yi yana tsayawa gaban allo yana cewa, "Rubuta biyu, riƙe ɗaya," har sunansa na yanka ya ɓace a makarantar, kowa sai Malam Riƙe-Ɗaya. Ya san da sunan sarai. Bai taɓa nuna ya ji ba, don a ganinsa gara a yi da kai da a manta da kai.

Saura masa wata uku ya ajiye aiki takardar ta iso. Aka karanta ta a ofishin malamai: an fito da wata jarrabawa ta musamman don 'yan aji shida, tambayoyinta daga karatun sakandare aka ɗebo su, kuma ta ganin dama ce, ba dole. Nan fa gardama ta kaure. Hedimasta ya ce ko yaro ɗaya ne ya ci, sunan makaranta ya fita. Malamar Turanci ta ajiye jan bironta ta ce, "Haba, ranka ya daɗe! Ta dolen ma da ƙyar suke sha, sai a ƙara musu wata? Yaro fa ba jaki ba ne."

"Malama," in ji Malam Riƙe-Ɗaya, "yaron da ya gama aikinsa cikin minti goma, ya zauna yana ƙirga katakon rufi har a kaɗa ƙararrawa, shi ma an cuce shi. Ba wanda aka bari a baya kaɗai ne abin tausayi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma yarinya ɗaya ce a ransa. Wata 'yar siririya ce mai zama a layi na biyu kusa da taga, 'yan ajin suna ce mata Kwakuleta, don kafin ya gama rubuta tambaya ta riga ta ɗaga hannu. Da aka tashi ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Akwai wata jarrabawa ta manya. Na sa sunanki. Za mu riƙa zama lokacin tara ina koya miki."

Ta sunkuyar da kai. "To, Malam."

Takardar amincewa layi biyu gare ta, ɗaya na malami, ɗaya na uba. Babanta direban babbar mota ne, kwana biyu yake yi a gida ya sake kama hanya. A tsaye ya sa hannu, makulli na karkaɗa a yatsansa, ya ce, "In Malam ya ga ya dace, mu su wa?" Aka gama magana.

Tara, wato rabin awan nan da ake sakin yara su sha iska, ita ce lokacin da Malam ya fi tsana a duniya. A ofis matasan malamai kowa ya kifa kai a waya, su ƙyalƙyale da dariya kan abin da shi bai gani ba. Gida kuwa ba a magana. Shekara huɗu ke nan da rasuwar matarsa. 'Ya'yansa biyu suna nesa, sukan bugo su ce, "Baba, ba wata matsala dai ko?" ya ce lafiya lau, su ce madalla, sai wani makon. Kujera biyu ce a gaban teburinsa, ɗaya ya jibge ta da tsofaffin littattafan yara don kada ya riƙa ganin ta wayam.

Sai ga shi yanzu yana da abin jira. Da la'asar ya zauna ya tsara tambayoyin gobe, ya goge rigarsa har da karin guga a hannu. Ƙarfe tara na yi, aji ya watse, ya rage shi da ita da ƙurar alli. Ya rubuta tambaya mai wuya, ta ciji gindin fensir, can sai idonta ya kawo haske, ta faɗi amsa. Ya buga tebur ya ce, "Kai, wannan yarinya! Allah ya yi miki albarka!" Rabonsa da irin wannan dariya har ya manta.

Kada a ce bai ga kome ba. Ya gani. A makon farko ƙawarta, wata 'yar lukuta mai wushirya, takan tsaya a bakin ƙofa da igiyar tsalle a naɗe a hannu, tana jiran a gama. A mako na biyu leƙowa kawai take yi ta wuce. Daga na uku ba a sake ganin ta ba. Ita kuwa Kwakuleta, duk sa'ad da waƙar 'yan tsalle ta taso daga fili, sai fensirinta ya tsaya, idonta ya zame wajen taga. Yakan ƙwanƙwasa allo ya ce, "Nan, nan! Wasa ba ya ƙarewa. Mu ci gaba?"

"To, Malam."

Mako bakwai suka yi a haka.

Ranar jarrabawa Alhamis ce, kuma aka sa ta ƙarfe tara daidai. An kwashe kujerun babban ɗakin taro an jingine su a bango, aka bar tebur ɗaya tal a tsakiya, don ita kaɗai ce daga makarantar. Jami'ar da aka turo ta sa ido, mace mai tabarau da ambulan a liƙe, ta yarda Malam ya tsaya har a buɗe takarda. Yarinyar ta shigo da fensir biyu da ya fiƙe mata da hannunsa. Da ta zauna, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba.

Jami'ar ta zaro wata 'yar takarda ta karanto ƙa'ida da muryar wanda ya gaji da maimaitawa. "Ba magana, ba leƙe. Awa ɗaya ce. Wannan jarrabawa ta ganin dama ce, wanda bai ga dama ba yana iya fita kafin a buɗe ambulan."

Har ta kai hannu za ta yage bakin ambulan, sai yarinyar ta ɗaga yatsa, irin yadda take yi a aji.

"Malama, ganin damar wa?"

Jami'ar ta dube ta ta saman tabarau. "Taki mana, 'yata. Ba a gaya miki ba?"

Yarinyar ta juyo ta dubi Malam.

Ya san abin da zai yi in yana so a wuce wurin. Gyaɗa kai ɗaya ya isa, za ta ɗauki fensir, kuma za ta ci, wannan ko shakka babu. In ta ci, akwai zagaye na biyu, wato ƙarin mako shida na zaman tara, daidai da kwanakin da suka rage masa a aiki. Yana son mako shidan nan, wallahi yana so, so irin wanda ba ya iya gaya wa kowa.

Ya matso ya rage murya. "Za ki yi?"

"To, Malam."

Sai a lokacin kalmar ta shiga kunnensa. Shekara talatin da uku yana jin ta daga bakin yara. A ce share aji, to. A ce miƙo hannu a doke ka, to. Wane yaro mai tarbiyya ne zai kalli babba ya ce masa a'a? "To" ai "na ji" ce, ba "ina so" ba ce. Kowane ɗan aji ɗaya ya san haka, sai shi mai furfura ya mai da kansa bai sani ba. Kunya ta rufe shi.

Ya durƙusa a gefen teburin, gwiwarsa ta yi ƙara. "Ban da 'to' yau. Cewa za ki yi e, ko a'a. Ba wanda zai yi fushi."

Ta daɗe tana murza fensir. Daga fili ana jiyo igiya tana dukan ƙasa, ana ƙirga tsalle. Hawaye ya ɗigo a kan teburin.

"Ina son lissafin, Malam. Amma ƙawata ta yi sabuwar ƙawa. Yanzu in na je ba sa sa ni. Cewa suke in tafi wajen tsohona."

Ya sake tambayar ta. "E, ko a'a?"

"A'a, Malam." Da ƙyar aka ji.

"Tashi ki tafi. Yi sauri, saura minti ashirin a koma aji."

Ta ajiye fensiran nan biyu a jere, ta fita. Jami'ar ta mai da ambulan cikin jaka ba tare da ta buɗe ba. Hedimasta da ya ji labari ya zo yana huci. "Haba, Malam! Ka kai mu ka baro! Mako bakwai a banza?" Malam ya ce a yi haƙuri, laifinsa ne.

Ta tagar ɗakin taron ya hango yarinyar. Ta tsaya a gefen 'yan tsalle, hannuwa a baya, ba wanda ya ce da ita kanzil. Har ya fara cewa ya yi biyu babu. Can dab da ƙararrawa, 'yar lukutar nan ta gaji da kaɗa igiya, ta miƙa mata bakin ba tare da ta kalle ta ba. Ta karɓa da hannu biyu.

Washegari ƙarfe tara aji ya watse. Malam ya zauna a kujerarsa, ya laluba aljihu, ya ji takarda. Tambayoyi biyar ne, jiya da la'asar hannunsa ya rubuta su kafin ya tuna. Ya ninke ta ya mayar. Bai tashi zuwa ofis ba, don can ɗin ma ba mai jiran sa.

Sai ga ta ta gifta ta bakin taga a guje, igiya a kafaɗa, tana haki, ɗankwali ya zame. Ta ɗan ja birki.

"Sannu, Malam! Yau ba zan zo ba, ni ce ta biyu a tsalle!"

Ya buɗe baki zai ce akwai wata tambaya mai daɗi, minti biyar kawai. Ya dube ta, ƙafarta ɗaya ta riga ta juya wajen fili.

Ya ce, "To."