Maraƙin Kasuwar Jahun

Tun da Hussaini ya gama jami'a ya sami aiki a Dutse, wansa Lado ya rasa sukuni. Tun tasowarsa shi ke bin shanun gidansu, shi ke yi musu allura, shi mahaifinsu Baffa ke tambaya in saniya ta ƙi kiwo. Yanzu kuwa ƙanin nan zai sauko daga mota ranar Juma'a da farar riga, Baffa ya matsa masa a tabarma. Yaron da ko tatsa bai iya ba! Kishi ya cika Lado, har abinci ba ya yi masa daɗi ran Juma'a.

Da Baffa ya sayo maraƙi a kasuwar Jahun, Hussaini ya ce a ware shi, a ba shi kwamin ruwansa daban.

"Hamma, garken da maraƙin nan ya fito an yi musu allura har ƙwayoyin cutar cikinsu sun daina jin magani. Su kuma ƙwayoyin nan aron hali suke yi a tsakaninsu. In suka haɗu da na shanunmu, za su ba su wannan taurin kan."

"Dube shi, lafiyarsa ƙalau," in ji Lado.

"Ƙwayoyin ba sa nuna abin da suka ara nan take. Akwai sinadarin da ke danne shi a jikinsu, ya yi shiru, sai ranar da aka matsa musu."

Baffa ya gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ya fi komai ƙona wa Lado rai. Motar Hussaini na tashi, ya kwance maraƙin ya kora shi cikin sauran, yana ƙunƙuni wai cuta ma ta koma maƙwabciya mai aron gishiri.

Damina ta faɗi, zawo ya shiga maruƙa kamar kowace shekara. Lado ya ɗauko allurarsa da maganin da bai taɓa ba shi kunya ba. Ya yi, shiru. Ya ƙara, shiru. Maruƙa suka riƙa kwantawa, har biyu suka mutu.

Yana tsugune kan na uku zai sake sokawa, Baffa ya zo ya tsaya, ya dubi baƙon maraƙin yana shan ruwa a kwamin garke. Bai yi faɗa ba. Ya zare allurar daga hannun Lado, ya naɗe ta a tsumma ya sa a aljihu.

"Bar su haka. Na aika a kira Hussaini."