Bututun da Baba Ya Ƙara wa Tsawo

Tsohon magini ya ajiye aiki, amma bakinsa bai ajiye ba. Ka zauna da shi minti biyar, wallahi sai ka ji labarin bututun hayaƙin masana'antar nan mai ƙona kwal a birni. Da can guntu ne, hayaƙi ya kwanta a kan unguwar ma'aikata, yara na ta tari. Shi da abokan aikinsa suka ƙara masa tsawo, bulo kan bulo, wata goma sha ɗaya cur, unguwa ta sha iska. Hoton yana nan rataye a falo, shi a can ƙoli kamar ƙuda a kan sanda.

Da ya huta sai ya koma bayan gari, tafiyar awa biyu a mota, ya haƙa tafki a bayan gida ya zuba kifi. Ruwan sama ke cika masa shi. Yana son kifin nan, har hira yake yi da su.

To, damina uku ke nan kifin na saka ƙwai, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. Manyan kuma sun fara tasowa sama suna haki. Ya canja abinci, ya zagi mai sayar da abincin, ya zargi agwagin maƙwabci. A banza. Da safiyar da ya kwashe matattu bakwai, ya kira autarsa, wadda ke aikin gwajin ruwa a birni.

Ta zo da 'yar jaka. Ta tsoma wata siririyar takarda a tafkin, ta tsoma wata a durom ɗin da ke tarar ruwan rufi, ta kara su da katin launuka.

"Baba, ruwan sama mai lafiya biyar da rabi yake nunawa. Naka huɗu da ɗigo. Lamba na sauka, tsami na ƙaruwa."

"Tsami? Ke Auta, ruwan Allah ne fa, daga sama ya sauko."

"Daga sama, amma ya haɗu da wani abu a hanya. Kwal yana da farar wuta a cikinsa. In an ƙona, ta bi hayaƙi, ta tarar da danshi a gajimare, ta zama asid. Irin na ruwan batir, sai dai mai rauni ƙwarai. Kai ba za ka ji a fatarka ba. Ƙwan kifi kam yana ji."

"Kai! Ina kwal a nan? Ko injin niƙa ba mu da shi."

Auta ta hau gyara zif ɗin jaka wanda babu abin da ya same shi.

Tsohon ya ɗaga kai. Gajimare na tahowa a hankali daga wajen birni. Ya san iskar nan sarai, ai wata goma sha ɗaya tana kaɗa masa riga a saman bututu. Ko sau ɗaya bai taɓa tambayar inda take zuwa ba.

"In bututu ya yi tsawo," ya ce, "hayaƙin nisa yake yi?"

"Nisa yake yi, Baba."

Ta fito da buhun farar ƙasa daga but ɗin mota, ta ce tana kashe tsamin, amma sai an riƙa ƙarawa duk damina. Ya cika bokiti, ya murza garin a yatsunsa yadda ya saba murza siminti.

"Yaran unguwar nan dai sun daina tari ko?"

"Sun daina. Tuni ma sun yi 'ya'ya."

"To, madalla."

Ya tsaya a bakin tafkin ya fara watsawa, hannu mai kyau, babu inda ya tsallake.

"Ni na ɗauka sama muka kai hayaƙin nan, Auta," ya ce. "Ashe gida na aiko wa kaina."