Hasken Da Aka Ƙara Wa Baba Ari

Ambaliyar shekarar 2022 ta ci Abdulmannan, mijin Gumsu, a watan Satumba, lokacin da kwale-kwalen da ya ɗauko su daga kasuwar Haɗeja ya kife. Da ruwa ya janye a watan Nuwamba, sai aka ga har iyakar gonarsa ta tafi. Yashi ya rufe fadamar, kamu biyu a wasu wuraren. Abin da ya rage a tsaye goruba ce guda ɗaya.

Haris, ƙanin marigayi Abdulmannan, ya ce gorubar ce iyaka tsakanin gonarsa da ta yayansa. Gumsu ta ce iyakar tana gaba da goruba da taku ashirin, inda aka dasa layin ciyawar jema aka kafa guntun katakon kwale-kwale. Wannan taku ashirin ɗin shi ne kwarin da ruwa ke kwanciya, inda shinkafa ke yi. Idan ya fita daga hannunta, abin da zai rage mata da 'ya'yanta uku tudu ne mai yashi.

Mutum ɗaya ne maganarsa za ta raba gardamar: Baba Ari, ƙanin mahaifin Abdulmannan da Haris, wanda ya raba musu gonar shekaru goma sha tara da suka wuce. A ƙauyen, wanda ya dasa iyaka shi ke faɗin inda take, kuma idan ya faɗa an shafa fatiha ba a sake ɗaga maganar. An kai shi fadamar a baro, ya dudduba yashi, ya ce gonakin da ya raba sun fi talatin, ba zai rantse a kan abin da ruwa ya shafe ba.

"Da zan ga wurin yadda yake a da, da na gane," in ji shi.

Malam Abdulwahid, malamin gona, shi ya kawo shawara. Shekara guda kafin ambaliyar, wasu masu bincike kan ciyawar kacala da ke toshe kogi sun ɗauki hoton fadamar duka da wata kyamara mai kallon kowace kusurwa. Hoton yana cikin wata na'ura da ake ɗaurawa a fuska, wadda mutanen ƙauye suka sa wa suna tabarau. Duk wanda ya sa ta sai ya ga kansa tsaye a gona, ya juya gabas ya juya yamma. An ba Abdulwahid aronta na kwana ɗaya.

Aka zauna da hantsi a ƙofar gidan Bulama, mai garin, ƙarƙashin rumfa. Bulama ya fara sawa. Ya yi salati, ya miƙa hannu zai taɓa abin da babu, matasa suka yi dariya. Da ya cire ya ce ya ga goruba, ya ga ciyawa ko'ina, ya kuma ga wani katako.

"Katako ai ruwa na kawo shi kowace shekara, ranka ya daɗe," in ji Haris.

Aka miƙa wa Gumsu a bayan zana, inda mata suka zauna. Abdulwahid ya ce hasken na'urar na kan kashi arba'in cikin ɗari. Ta ga layin jemar a miƙe, kore mai duhu a cikin busasshiyar ciyawa. Ta ga katakon da shuɗin fenti a jikinsa. Can gefe akwai tulun da mijinta yake ajiye ruwa. Ta cire na'urar ta mayar. Ganinta ba shaida ba ne.

Sai aka zo kan Baba Ari. Abdulwahid ya cire masa hula, ya ɗaura masa madaurin a ƙeya. Tsohon ya riƙa juya kai a hankali.

"Ina ganin wuri," ya ce. "Ku dakata."

"Malam, ƙara masa haske mana," in ji Haris. "Tsoho ne fa. Mu ma da kyar muke gani."

Jama'a suka amsa da cewa gaskiya ne. Abdulwahid ya danna maɓallin da ke gefen na'urar, ya ce ya kai saba'in. Wani ya ce a ƙure kawai, me ake ajiyewa. Ya ƙure.

Gumsu ta san abin da babu wanda ya sani a wurin. Shekara huɗu ke nan ita ke kai wa Baba Ari kunu kowace safiya tun rasuwar matarsa. A cikin duhun zaurensa yana gane kwanon da ta kawo, yana ɗinke komar kamun kifi da hannunsa. Idan rana ta take kuwa, ta sha ganinsa yana laluben bango, tafin hannu a goshi. Wata ma'aikaciyar asibiti ta taɓa gaya mata cewa haka yanar ido take yi wa wasu: haske mai yawa yana watsuwa a cikin idon, komai ya zama fari. Baba Ari bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da azahar yakan ce zafi ne ya hana shi fita.

Kuma surukinta ne. Cikin shekaru goma sha shida da aurenta ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa a durƙushe. Ta matso jikin zana ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam Abdulwahid, a rage hasken. A mayar da shi yadda yake."

Haris ya ji. Tun tana amarya akwai wasa tsakaninsu irin na mata da ƙanin miji, kuma da muryar wasan ya amsa.

"Kun ji matar Yaya! A rage haske wai. To ko a kashe gaba ɗaya ne, mu yi shari'ar a duhu? Amarya, me kika binne a wurin da ba kya so Baba ya gani?"

Aka yi dariya. Har a cikin mata akwai waɗanda suka rufe baki da mayafi.

"Ba abin da na binne, ƙanina," ta ce. "Kai ne kake nema a wurin da ba ka shuka ba."

"To a bar haske ya yi aikinsa."

Bulama ya ɗaga hannu. "Gumsu, wane dalili ne zai sa a rage?"

Dalilin yana bakinta. Sai dai faɗinsa na nufin ta ce wa dattijan gari, a gaban yara, surukinta ya kusa makancewa. Idan kuma suka yarda da ita, shaidarsa ta faɗi ke nan, babu wani mai shaidar, goruba ce kawai a tsaye. Ta kalli tsohon. Ya ji duk abin da aka faɗa. Ta jira shi ya ce a rage da kansa.

Bulama ya juya gare shi. "Malam Ari, hasken ya dame ka?"

Hawaye na gangarowa daga ƙarƙashin na'urar zuwa gemunsa. Wasu suka ɗauka tuna ɗan ɗan'uwansa ya yi.

"Ras nake gani," in ji Baba Ari.

"Me kake gani?"

Ya daɗe yana juya kai. "Goruba. Ga ta nan a tsaye, baƙa."

"Gaba da ita fa? Akwai jema? Akwai katako?"

"Gaba da ita..." Ya ɗaga hannu zai kare goshi, hannun ya bugi na'urar. "Fili ne. Fari fat."

"Babu alamar iyaka?"

"Ban ga wata alama ba sai goruba."

Bai yi ƙarya ba. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha. Abdulwahid ya kwance madaurin, ya goge gilasan da gefen rigarsa, ya mayar da na'urar cikin jaka, domin motar ƙarfe biyu ce za ta kai ta Dutse. Baba Ari ya zauna idanunsa a rufe har aka watse. Kafin la'asar Haris ya kafa turaku huɗu a layin goruba.

Washegari da sassafe Gumsu ta dama kunu ta kai. Ta durƙusa a bakin zaure ta yi gaisuwa, ya amsa. Yana zaune a lungun da rana ba ta kaiwa, koma a kan cinyarsa. Ya kalli kwanon, ya ce yau ba mai tsagar nan ta kawo ba. Ta ajiye shi a gabansa.

Ya yi magana yana fuskantar bango, yadda suruki ke yi.

"Da farko, kafin a taɓa abin nan, na fara ganin wani shuɗi-shuɗi a ƙasa. Kwale-kwalen yayana shuɗi ne. Ni na sare katakon."

Gumsu ba ta ɗago kai ba.

"Malamin gonar ya tafi da ita?"

"Ya tafi," ta ce. Shi ne karo na farko da ta amsa masa tambaya kai tsaye.

Ya gyaɗa kai. Ya zura zare a idon komar, bai kuskure ba. Ta jira ko zai ce a kira Bulama. Bai ce ba. Ya ɗauki ludayi ya fara shan kunun.

Ta ɗauki kwanon jiya ta fito. A gida ta tarar da babbar 'yarta Adila ta fito da buhun irin shinkafar da suka tsirar daga ruwa, tana tambaya ko a shanya. Gumsu ta ce ta mayar da shi ɗaki, ta je gidan maƙwabciyarsu Yagana ta tambayo ko suna da ragowar irin gero na shukawa a tudu.