Tambulan Uku a Ƙarƙashin Akwatin Belarmino

Ni Evelio na fara gani, tun kafin iyalinsa ma. Muna tsinkar gahawa na leƙa kwandon maƙwabcina Belarmino, sai ga ɗanyu kore shar, babu ja ko ɗaya. Mutumin da ya tsufa a tsinka!

"Kai mutumina, akuya za ka ba?"

Ya yi dariya, ya ci gaba da tsinkar ɗanyunsa.

Wautar nan ce, ciwon mantuwa, da ta cinye uwarsa da kawunnansa biyu. Ni kuwa na haura tamanin, ban taɓa shiga aji ba, na binne sa'o'ina kaf, kaina garau.

'Yarsa Nubia ta kai shi asibiti a birnin Medellín, aka zura shi cikin na'ura aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Da suka dawo ta same ni a bakin shinge.

"Baba Evelio, sun ce motsewa take yi. Wai ni ma in zo su duba tawa."

"Za ki je?"

"In sani in yi yaya? Wa zai riƙe min yarana?"

Shekaru ta yi tana jiƙa masa arepa, wainar masara, a madara tana ba shi a cokali, shi kuma yana kiranta Mama. Ya cika wata Talata da hantsi, ana yayyafi.

Aka ajiye akwatin gawarsa a falo. Nubia ta kawo tambulan ɗin ruwa ta sa a ƙarƙashi, don ran mamaci ya sha. Ina zaune ina kallo. Can ta shigo da wani ta ajiye. Mata na ta jan carbi. Da ta kawo na uku ta durƙusa, sai ta ga biyun. Ruwan ya soma zuba a yatsunta.

"Wa ya kawo waɗannan?"

"Ni ne, 'yata. Ubanki mashayi ne, ɗaya ina zai ishe shi?"

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, amma idonta na kaina. Ba ta fi arba'in ba.

Yanzu mutane na cewa gajiyar jinya ce kawai, wai tsoho ya cika ƙari. To wanda ke musu ya zo gobe da safe, ga bencina nan. Ya zauna ya ga yadda Nubia take tsayawa a ƙofarta da tsintsiya a hannu, tana kallonta kamar wani ne ya ba ta ajiya.