Bindigar da Ta Zauna a Jaka

"Ba zan yi mata kuɗi ba, Kawu."

Orval ya ajiye kofin shayinsa mai ƙanƙara, ya dubi 'yar ƙanwarsa ta saman tabarau. Tun yana saurayi yake riƙe da shagon nan na bindigogi da jingina a bakin titin garinsu, can karkarar Oklahoma, bai taɓa jin wanda ke bayan kantarsa ya ƙi yi wa kaya kuɗi ba.

"Twila, me kika ce?"

"Ka ji ni sarai."

Mai kayan na tsaye a gabansu, ya dafa gilashin kanta da hannu biyu. Royce Pickett ke nan, mai haƙa wa mutane rijiya, ƙato, ga fara'a, kowa a garin nasa ne. Ya yi dariya ya tura hularsa baya.

"Orval, yarinyar nan da kuka tura birni karatu, sun koya mata lissafi kuwa? Ko dai girman kai kawai ta dawo da shi?"

Twila ta dubi bindigar da ya kawo. Aikinta dai ta riga ta yi shi. Ta zare gidan harsashi, ta ja saman bindigar baya, ta leƙa ta tabbatar ba harsashi a ciki. Ta haska fitila cikin bututun, ta same shi fes kamar sabo. Ta gwada kunamar, ba ta cijewa. Shekara biyu ta yi a makarantar gyaran bindiga, kuma tun da idon Orval ya fara rauni ita ke yanke kuɗin duk abin da aka kawo. Wannan ƙarama ce, tafin hannu ya kusa rufe ta, ba kwalinta, gidan harsashi ɗaya. Kuɗin ma ya riga ya zo bakinta: shago ya saya dala ɗari biyu, ya sayar ɗari uku da ashirin. Ta haɗiye shi.

Bindigar namiji a kube take kwana, a ƙugu. Fentinta yakan goge a baki da gefe biyu daidai wa daida, gumi ya bar ɗan tsatsa ta wajen da take taɓa jiki. Wannan kuwa ba ta taɓa ganin kube ba. Ƙananan karce ne ko'ina a jikinta, irin na makullai da sulalla, ga auduga da hoda sun maƙale a lungunanta, ga ƙamshin alewar na'ana'a. A jakar mace ta zauna. Twila ta san jakar, domin ita da hannunta ta sayar da bindigar ga Nadine, matar Royce, bara da bazara, sati kaɗan bayan Nadine ta kwashe kayanta ta koma wani gidan tirela, irin ɗan gidan nan mai taya, a bayan gari, da haƙarƙarinta da Royce ya karya ya warke a karkace. Duk Asabar sai ta zo bayan shago, Twila ta jera mata gwangwanaye tana koyon harbi. Da farko sai ta runtse kafin ta harba. Daga baya ta daina rufe ido.

"Tun da na saye ta nake barci," in ji Nadine wata rana. "Motarsa takan tsaya a bakin shinge, amma ba ya fitowa."

Twila ta ɗago kai ta dubi Royce.

"A ina ka samo ta?"

Wasu tsofaffi biyu da ke duba harsasan farauta suka tsaya cik, suka ƙura wa kwalaye ido kamar yau suka fara ganinsu. A garin nan kana iya tambayar mutum ciwonsa, ka tambaye shi wanda ya zaɓa, har abin da ya raba shi da cocinsu. Amma ba a tambayarsa inda ya samo bindigarsa. Wanda ya yi haka ya kira shi ɓarawo ke nan a gaban jama'a.

Murmushin Royce bai gushe ba, wuyansa ne ya yi ja.

"A gidana na samo ta, Malama mai takarda. Matata ce, kayanmu ɗaya."

"Nadine ba ta gidanka."

"Yi haƙuri, Royce, yarinta ce," in ji Orval da sauri. Ya juyo. "Ke! Ko ki faɗi kuɗi, ko ki miƙa wa mutum kayansa."

Twila ta janyo aljihun kantar, ta sa bindigar ciki, ta tura, ta jingina ƙugunta da shi. Sannan ta ɗauko waya ta kira 'yan sanda.

Ɗan sanda Clete ne ya zo, yana share maiƙon kaza daga yatsunsa. Duk kaka tare suke fita harbin barewa da Royce. Ya gaisa da kowa, ya tambayi Orval gwiwarsa, ya saurari Twila har ta gama.

"To, 'yar nan, na ji," ya ce. "Amma aurensu bai mutu ba. Sai dai in mai ita ce ta ce an ɗauke mata. Ta ce?"

"Za ta ce."

Ta faɗi haka ne da ƙarfin gwiwa, don ta tuna idon Nadine a buɗe yana kallon gwangwani. Ta kira ta, ta buɗe murya don kowa ya ji, ta ɗora wayar a kan gilashi. Nadine ta ɗauka daga gidan tsofaffi inda take aiki, ana jin ƙarar kwanuka a bayanta.

"Nadine, Twila ce. Bindigarki na hannuna. Clete na nan. Faɗa masa wanda ya ɗauke ta."

Kafin a amsa, Royce ya sunkuya kan wayar, ya sassauta murya kamar mai lallashin jariri.

"Zumata, ni ne. Faɗa musu gaskiya, kin ji. Anjima zan biyo ta wajenki."

Ƙarar kwanukan ta ɗauke. Orval ya gyara tsayuwa.

"Ni na ba shi," in ji Nadine. "Twila, don Allah ki bar maganar nan."

Ta kashe.

Clete ya ɗaga kafaɗa. Twila ta matsa daga jikin aljihun, don ba ta da sauran dalilin da doka ta sani. Orval ya ciro bindigar ya ajiye mata a gaba.

"Magana ta ƙare. Yi mata kuɗi."

"A'a."

"Twila, uwarki ƙanwata ce. Kada ki sa in yi abin da ba na so."

"Kawu, shagonka ne, idonka ne. Duba da kanka. Ni bakina ba zai faɗi kuɗin barcin matar nan ba."

Orval ya ɗauki bindigar ya juya ta a gaban tabaraunsa, ba abin da yake gani. Don kunya ya ba Royce fiye da ƙimarta, suka yi musabiha. Royce ya cusa kuɗin a aljihun riga, ya ce dama abincin karnuka ya ƙare. A bakin ƙofa ya taɓa hularsa.

"A gaida makaranta, Malama."

Orval bai ɗaga murya ba. Makullin shago kawai ya miƙa hannu ya karɓa daga wurin Twila.

Ba wani shagon bindiga a gundumar da zai ɗauki wadda ta kira wa mai ciniki ɗan sanda. Ta zagaya duka, kowanne ya riga ya ji labari. A ƙarshe ta samu aiki a kamfanin yankan kaji a garin gaba, tana tsaye cikin sanyi da wuƙa tun safe, hannun da ya saba jin lafiyar kunama ya kumbura har zobe ya ƙi shiga. A coci ana ba ta hanya da ladabin da ya fi zagi ciwo. Uwarta takan zuba mata wake da burodin masara, ta zauna tana kallonta.

"Kawunki ya ce ki je ki ba Royce haƙuri a cikin shago, gaban mutane, shi ke nan ki koma aikinki. Kalma nawa ce, Twila?"

"Mama, me zan ce na yi masa?"

"Ki ce komai mana! Wa ya damu?"

"Ni."

Da albashinta na farko ta je sayen bindigar don ta mayar wa mai ita. Tana nan cikin gilashi, an goge hodar, an rataya mata 'yar takarda: ɗari uku da ashirin. Orval ya ce ba zai sayar mata ba, ya san inda za ta kai ta, shi kuwa ba zai sake shiga tsakanin miji da mata ba. Asabar ta gaba ya tafi da ita kasuwar bindigogi, wani baƙo ya saye.

A wurin ajiye motoci na kantin kayan abinci ta ga Nadine, tana loda buhun abincin karnuka a bayan a-kori-kurar Royce. Ta rame. Rigarta mai dogon hannu ce, ga rana kamar wuta. Jakar na rataye a kafaɗarta, ba nauyi.

"Nadine, zan samo miki wata. Ko daga wani gari ne."

Nadine ta waiga wajen ƙofar kantin kafin ta yi magana.

"In ajiye ta a ina? A gidansa nake." Ta rufe bayan motar. "Da kin yi shiru kin saya, kin tura ta can ƙasan gilashi, da na zo a ɓoye na fanshe ta kaɗan-kaɗan. Ko kawunki ba zai hana ba. Amma kika sa ni a waya, shi yana ji."

"Na zaci za ki faɗa."

"Ke a bayan kanta kike, ga ɗan sanda kusa da ke. Ni tirela zan koma ni kaɗai, jaka ba komai." Ta goge hannu a riga. "Yanzu gari duk ya ji na ce ni na ba shi. Gobe in na ce ya karya ni, wa zai yarda? Kada ki ƙara yi mini magana, yana tambaya."

Royce ya fito daga kantin yana fito da baki. Ya ɗaga wa Twila hannu.

Twila ta daɗe a cikin motarta ba ta tayar ba. Ta juya maganar ta kowane gefe, yadda take juya bindiga a ƙarƙashin fitila, ta ga inda ta karce. Wayar nan kuskure ce, nata ne, ba ta da wanda za ta ɗora wa. Amma ko yau aka sake ajiye bindigar a gabanta aka ce ta faɗi kuɗi, ta san bakinta ba zai buɗe ba.

Ba ta ba Royce haƙuri ba. Ta rasa aikin da ta yi wa karatu, ta rasa kawunta, Nadine ba ta ƙara gaishe ta ba. Bindigar ta tafi, matar tana gidansa, ita kuma gobe da safe akwai kaji.